Kawu Mai Ƙwallo na Kalgo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi abinSa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Kalgo a kakar bana, an gama yankan gero ke nan ana shirin shiga shinkafa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, na ga yadda aka yi a wurin zaman makoki, sai tsoro ya kama ni kada shekara ta zagayo ba wanda ya tuna abin da mutumin nan ya ƙarar da ransa a kai.

Dattawan unguwa sun cika zaure. Sun yabi sallarsa, sun ce bai taɓa rigimar iyakar gona da kowa ba. Amma da wani ya ambaci ƙwallo sai wani dattijo ya yi gyaran murya, aka koma maganar ruwan bana. Liman ne kaɗai ya ce shi dai ya sha yi masa faɗa a kan tara samari, amma gaskiya bai taɓa ganin an kira salla ana wasa a filinsa ba. Masunta sun zo daga bakin gulbi, suka yi addu'a suka koma. Sai wasu mutanen daban, samari da magidanta, daga Gwandu da Kambaza da Dodoru, wasu a keke wasu a ƙasa. Su ba su shiga zaure ba, a gindin bedi suka zauna. Ɗaya daga cikinsu, mutumin Dodoru mai ɗingishi, ya yi ta kuka a fili har wani dattijo ya fito ya tsawata masa.

Matar Kawu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da Inna, mahaifiyata, ta riƙe hannunta sai matar ta ce Kawu ya huta, don shekara da shekaru ba ta ga ya ci tuwo ya ƙoshi ba duk ranar da aka saurari rediyo. Mahaifina kuwa ya wuni kansa a sunkuye. Magana ɗaya na ji ya yi, da wani ya yi masa gaisuwa. Ya ce, "Na ci gumin mutumin ga."

Kawu ya bar gida tun yana saurayi, ya bi fataken goro zuwa Kurmi, daga can ya ɓulla Ikko, wato Legas, ya kama dako a tashar jirgin ruwa. A can ya ga ƙwallo, ya shiga ƙungiyar ma'aikata, ya yi wasa ba takalmi har ranar da gwiwarsa ta hagu ta murɗe. Ya dawo Kalgo da furfura, da ƙwallon fata ɗaya, da famfon hura ta, da takalmin ƙwallo ƙafa biyu da bai taɓa jin daɗin sawa ba. Allah bai ba shi haihuwa ba. Saboda haka mahaifina ya ɗauko ni daga Gwandu ina ƙarami ya ba shi riƙo, a ɗakinsa na tashi.

Filinsa yana bakin fadama. Kowace damina ruwa ya cinye shi, kowace kaka ya fito da fartanya ya sake share shi, ya sari gora ya kafa turakun gola. Mutane sukan tsaya a hanya suna kallonsa, wasu su yi masa sannu, wasu su taɓa kai.

Akwai mai kanti a kasuwar Kalgo da yake da rediyo mai ƙaton batir. Duk ranar da ƙungiyar ƙasa za ta yi wasa, Kawu yakan riga kowa zuwa, ya zauna daf da akwatin. Da Turanci ake bayani, shi ke fassara mana. Na tuna wata rana da yamma ana wasa da 'yan Gwalkwas, wadda yanzu ake kira Gana. Da farko yana fassara yana raha. Aka jefa mana ɗaya, aka ƙara, sai ya daina fassara. Muna ta tambayarsa bai ko kalle mu ba. Mu dai muna jin mai bayani yana ɗaga murya, muna ganin kafaɗun Kawu suna sauka. Da aka tashi, ya ɗebi tsakuwa ya tsuguna a gaban kantin, gwiwar nan mai ciwo a miƙe, ya jera su a ƙasa.

Ya ce, "Ku duba. Biyar a gaba, kowa na jiran a kawo mashi. Biyu a baya suna dukan ƙwallo sama kamar masu korar tsuntsu a gonar shinkafa. Ukun ga na tsakiya in sun tahi gaba ba su dawowa. To, nan fa?" Ya dafa tafinsa a tsakiya. "Ko jaki ka ɗaure nan, har a tashi ba mai taɓa shi."

Wani ya ce ai bai ga wasan ba, ji kawai ya yi kamar kowa. Kawu ya ce ya gani shekara da shekaru a Ikko, kuma sunayen da mai bayani ke kira sun isa: in ka ji an kira sunan mutum ɗaya sau da yawa a jere, to ya riƙe ƙwallo ke nan yana yanka har a ƙwace. Ya ce 'yan wasanmu ba su rasa gwaninta ba, sun fi kowa ƙafa. Abin da ke cinsa shi ne sai saura 'yan kwanaki ake tara su, wasu ko sunan juna ba su sani ba. Bayan hutun rabin lokaci numfashi ya ƙare. In an yi ruwa, takalmin da ba su saba da shi ba ya yi ta kayar da su. Kuma ba mai rainon yaro, jira ake ya fito da kansa kamar ciyawa a zo a yanka. Duk a biranen bakin teku ake ɗiba, kamar matan Arewa ba su haihuwar masu ƙafa. A ranar bai ci abinci ba. Washegari tun da sassafe ya tashe ni muka tafi fili.

Yana da maganganun da duk wanda ya bi ta hannunsa ya haddace. "Ɗaga kai kafin ta zo." "Bari ƙwallo ta yi gudun, ita ba ta da huhu." In yaro ya juya don ya buga da dama sai ya ce, "Ƙafar hagun ma uwarka ta haifa." Ni rani guda ya hana ni taɓa ƙwallo da dama, in na manta ya fitar da ni na tsaya a rana. Takalmin nan nasa zagayawa yake yi, kowa da ranarsa, ana cusa tsumma a gaba ga mai ƙaramar ƙafa, don kada ranar da aka kira mu ya zama baƙo gare mu. Kullum haka yake cewa, ranar da aka kira ku, alhali ba wanda ya san da mu. Yakan yi tafiya har rugagen Gwandu neman 'ya'yan makiyaya saboda ba su gajiya. Mai tsaron gidanmu ɗan masunta ne, wai hannun da ya saba kama kifi mai santsi ba ya sakin fata.

Mutumin Dodoru da na ce ya yi kuka, a filin nan ƙafarsa ta karye. Kawu da gurguwar gwiwarsa ya goya shi har gidan maɗori, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Uban yaron ya zo ya zagi Kawu tas a gaban jama'a, ya ce ya nakasa masa ɗa ana gab da shuka. Kawu ya ajiye yaron a ɗakinsa, shi ya koma zaure, matarsa na dama masa fura, shi da kansa yake ɗaga shi ya kai shi bayan gida, har ƙashi ya kama. Yaron bai sake buga ƙwallo ba, amma ya fi shekara yana zuwa fili yana riƙe mana usur.

Rigimarsa da mahaifina a kaina ce. Na zama saurayi, labari ya zo cewa za a gwada 'yan wasa a Sakkwato, waɗanda suka yi fice a kai su Kaduna, daga can ne ake sa ran masu zaɓen ƙungiyar ƙasa su ga mutum. Abin ya faɗo farkon damina. Mahaifina ya hawo keke daga Gwandu ya ce in haɗa kayana, riƙo ya ƙare, gona na jira, shi ƙarfinsa ya fara ja baya. Suka zauna a zaure, ina tsugune a bakin ƙofa. Kawu ya yi ta bayani a kan tsakiyar fili, ya ce ni ne irin ɗan wasan da ƙasar nan ba ta da shi, mai karɓa ya raba. Mahaifina ya ce shi bai san wata ƙasa ba, ya san rumbunsa, kuma ƙwallo ba ta taɓa cika rumbun kowa ba. Murya ta hau. Mahaifina ya faɗi maganar da na san ya yi nadamarta, ya ce wanda bai haifa ba ba zai san zafin a ɗauke maka ɗa lokacin noma ba.

Kawu ya ce, "Gaskiya ka faɗa. To, hannu biyu kake so a gona. Ga nawa. In mun dawo, yaron ya zauna nan ya ci gaba da shiri, ni in yi maka noman."

Mahaifina ya ɗauka magana ce kawai, ya yarda don ya kunyata shi.

A Sakkwato na yi abin kirki, don akwai biyu daga filinmu a gefena, mun san juna. Ni kaɗai aka ɗauka zuwa Kaduna. Kafin lokacin tafiyar ya zo, Kawu ya cika alkawari. Ya tafi Gwandu ya yi noman fari, ya yi maimai, a gonar surukinsa, tare da yaran da a shekaru ya isa ya haife su. Inna ta ce da yamma gwiwar takan kumbura kamar tulu, ta gasa masa da ruwan zafi tana roƙonsa ya bari. Mahaifina da kansa ya ce masa ya isa haka, ya yafe. Kawu ya ƙi, ya ce ba ya son ranar da yaron zai sa rigar ƙasa a ce da sauran magana. Daga wannan daminar bai sake tafiya ba sanda ba.

Muka shiga mota zuwa Kaduna ni da shi. Ban taɓa ganin fili mai ciyawa shimfiɗe haka ba. An tara samari daga larduna da yawa, aka raba mu biyu, ba wanda ya san wani. Na yi yadda aka koya mini. Na ɗaga kai, na karɓa, na ba na kusa, na ruga wurin da babu kowa don ya maido mini. Bai maido ba. Na sake ba wani, shi ma ya sunkuyar da kai ya yi ta yanka har aka ƙwace. Kowa ya zo ne a gan shi, ba kuma laifinsu ba ne, don duk wanda ya yanke mutum uku sai 'yan kallo su yi tafi, masu zaɓe su nuna shi da hannu. Ni ƙwallo ba ta daɗewa a ƙafata. Ina jin muryar Kawu daga bakin fili, ta dushe, yana kiran yaran da bai san sunansu ba yana cewa su ba ni. Aka tashi, aka kira waɗanda aka ɗauka, ba ni ciki.

Abin da na gani bayan nan ba zan manta ba. Kawu ya dogara sandarsa ya bi masu zaɓen har inda motarsu take. Mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai a salla, ya sa gwiwar nan a ƙasa. Ya roƙe su da Hausa, ya roƙe su da Turancinsa na tashar jirgi, su sake sa ni ko na ɗan lokaci, su kalli inda nake tsayawa in ba ni da ƙwallo. Ba su wulakanta shi ba. Ɗaya ya kama shi ya tayar, ya kira shi Baba, ya ce yaron yana da natsuwa amma su masu cin ƙwallo suke nema, a sake kawo shi wani lokaci. Suka shiga mota suka tafi.

A hanyar dawowa bayan mun wuce Gusau ya juyo gare ni. Ya ce, "Ni na cuce ka. Na koya maka wasan mutum goma sha ɗaya, na kai ka kai kaɗai."

Na ce masa ba komai, haka Allah Ya so. Bai ji ni ba. Ya riga ya shiga wani tunanin, cewa duka zai kai, goma sha ɗaya, a gan su tare, sannan za a gane.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi tsanani. Ya bi gida gida yana roƙon iyaye. Ya sayar da akuyoyin matarsa da yardarta aka ɗinka riguna. Amma samari ba sa tsayawa wuri ɗaya. Wannan ya yi aure, wancan ya tafi cin rani, ɗaya ya shiga soja, mai tsaron gida ya bi ubansa kamun kifi zuwa Yawuri. 'Ya'yan makiyaya biyu da ya fi ji da su, aka wayi gari rugarsu ta tashi. Duk wanda ya tafi sai ya ɗauko wani ya fara daga farko. Ni ma na koma Gwandu na yi aure, sai da rani nake zuwa. Ya rame, ya zama mai saurin fushi, yakan tsaya tsakiyar wasa ya yi ta faɗa a kan kuskure ƙarami har yaro ya yi zuciya ya tafi, sannan ya bi shi gida ya ba shi haƙuri.

Sau ɗaya ya kusa. An yarda ƙungiyar Kalgo ta je Sakkwato ta yi wasa a gaban manya, ya shirya da mai mota. Da safe muka taru a tasha, mu bakwai. Ya ce a jira. Rana ta ɗaga, mai mota ya fara ƙorafi, fasinjoji suna tsaki. Kawu ya aika gidajen sauran. Ɗaya uwarsa ba lafiya, ɗaya an aike shi Jega, biyu ubanninsu sun ce ba inda za su. Ya riƙe ƙofar motar da hannu yana cewa a ƙara haƙuri kaɗan, har yaron mota ya ɓamɓare yatsunsa a hankali. Motar ta tafi ba mu. Ya zauna a kan wani kututture da ƙullin rigunan a cinyarsa, mu bakwai muna tsaye a kansa.

Na zaci daga nan ya haƙura. Da na zo ranin da ya wuce sai na tarar ya sallami manya gaba ɗaya. Ya ce kuskurensa shi ne yana kama su bayan gona da aure sun riga sun kama su. Yanzu ƙanana ya tara, waɗanda ba su daɗe da fara famfara ba. Ba ya iya tsayuwa, a tabarma yake zama a bakin fili, ya naɗa musu tamola ta tsumma daidai ƙafarsu, yana mirgina wa kowa yana kiran sunansa. Na ce, Kawu, waɗannan kafin su isa ai da sauran shekaru. Ya ce ya sani, ba zai gani ba. Ya ce ana ta maganar mulkin kai, za mu karɓi ƙasa, to wa zai karɓi tsakiyar fili? Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, na ga jini a bakin rigarsa. Ya ce kada in gaya wa matarsa, alhali ita ke wanke rigar.

Ciwon bai ja shi da yawa ba bayan damina. Ina gefensa ranar da ya cika, da hantsi, kalmar shahada ce ƙarshen maganarsa.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, mutane sun fara watsewa, sai ga yaran nan sun zo ƙofar gida, ƙafafu duk ƙura. Sun san ya rasu, wasunsu sun bi gawa har maƙabarta. Suka tsaya suna tura juna, sannan babbansu ya matso ya gaishe ni, ya tambaya ko yau akwai wasa.

Ina da gona a Gwandu, matata na da tsohon ciki, mahaifina ya tsufa. Abin da Kawu ya sani ko rabinsa ban sani ba, kuma na ga inda abin ya kai shi. Matar Kawu tana tsaye daga cikin zaure tana kallon yaran. Mahaifina ne ya ɗago kai daga tabarma, ya dubi yaran, ya dube ni.

Ya ce, "Damina tawa ce. Rani kuwa ka san inda za ka yi shi."

Na ce wa yaran su je su fara tsince ƙaya a fili, ina zuwa. Suka ruga.

Yau ina Kalgo, a ɗakinsa nake kwana. Yara tara ke zuwa, wata rana shida. Jiya uban ɗaya ya zo ya janye nasa zuwa kiwo, na bi shi har gida na roƙa, bai ba ni ba. Ban sani ba ko a cikinsu akwai wanda zai taɓa ganin Kaduna, balle Ikko. Duk wanda ya karanta wannan, in ya taɓa shan ruwa a randar gidan nan ko ya sa takalmin nan mai tsumma a gaba, ina roƙonsa ya yi wa Kawu addu'a, in kuma yana da ɗa ƙarami ya turo mini shi da la'asar.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.